Yatsu Biyun da Injin Rake Ya Ci

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana, Mai-sunan Baba.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Malikanchi lafiya, kai da inji da doki, ba abin da ya karye, ba wanda ya yi ɗingishi. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin wuta, da sharrin ƙarfe, amin.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana a nan Kudan, gobe da safe za ka durƙusa ka yi mini sallama, kuma na san ba abin da bakina zai iya furtawa sai "Allah Ya kiyaye hanya". Ga shi kuma ka tarar da doguwar takarda kamar daga wanda ke Ikko. To, kai ɗan fari ne. Sunanka ma ban taɓa kama shi da bakina ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba kana kallon idona. Takarda kuwa ba ta jin kunya. Shi ya sa zan ba innarka ta cusa ta tsakanin kwanonin zuba mazarƙwaila, don na tabbata su za ka fara kwancewa. Ka yi haƙuri da rubutun. Da girmana na koyi boko a ajin manya, kuma ka san hannun da ke riƙe da alƙalamin.

Abin da ya sa ni rubutu shi ne maganar da na ji shekaranjiya. Ina cikin gida ina alwala, kai kana zaure da manoman Malikanchi da suka zo neman ka matse musu rake. Na ji ka ce, "Ku bar mini, gonakin nan uku duk zan gama da su kafin azumi." Wani dattijo cikinsu ya ce, "To, wa zai tsaya maka a kan wuta?" Ka yi dariya ka ce, "Ni mana, Baba. Tsakanin inji da murhu ai taku biyar ne. Ba sai na tara mutane ba."

Butar da ke hannuna sai da na ajiye ta. Maganar nan tawa ce, da muryata, har da dariyar, kuma ban taɓa faɗar ta a gabanka ba. Na tsaya ina mamakin ikon Allah, yadda ɗa ke gadon abin da ba a ba shi ba. Daga nan na dubi hannuna na dama. Tsoro nake ji kada inji ya yi maka abin da ya yi mini, kuma dalilin takardar ke nan.

Bari in fara daga ranar da na fara ganin injin rake. Lokacin yaƙin Turawa ne, sukarin kanti ya yi wuya, aka ce Malam Tanko na Likoro ya kafa wani ƙarfe a bakin fadama mai mayar da rake sukari. Na tafi a ƙasa don in ƙaryata. Na tarar da ƙarafa uku a tsaye kamar turame, da doguwar sanda a bisansu, doki yana jan sandar yana zagaye. Raken da namiji zai ɓata rabin yini yana sha, ƙarfen nan ya lanƙwame shi kafin ka ƙifta ido, ruwa yana kwarara ta gefe, tuƙa tana fita ta baya a bushe. Aka dafa ruwan a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, aka zuba a kwanoni, ina tsaye ya daskare. Malam Tanko ya kife kwano ɗaya a tafin hannuna, mazarƙwaila ta faɗo da ɗuminta. Ni da na san rake abin tsotsa ne a tofar a bakin hanya, ga shi ya zama abin da za a ɗaure a buhu a kai Kano. Wallahi har yau, duk sanda na kife kwano mazarƙwaila ta faɗo, sai na ce tsarki ya tabbata ga Allah. Shekara biyu na yi a hannunsa kafin in kafa nawa.

Ranin farko da na zama mai inji, zumuɗi ya ɗebe ni. Na tara masu sara, muka kwantar da raken fadamarmu gaba ɗaya cikin kwana biyu. Na tsaya ina kallon tarin, ina jin kaina, ina so masu wucewa kasuwar Makarfi su gani su san Habu ya zama wani abu. Rake kuwa da zarar ka raba shi da saiwarsa ya fara mutuwa. Kafin kwana na biyar ruwansa ya yi tsami. Muka dafa, muka dafa, ya ƙi kama jiki, sai wani abu mai danƙo da ko ƙudaje sai sun yi shawara kafin su sauka a kansa. Malam Tanko ya zo a kan jakinsa, ya zagaya tarin. Can ya ce, "Habu, tukunya nawa kake saukewa a yini?" Na ce biyar. Ya ce, "To, me ya kai ka saran na tukunya arba'in? Wanda ke tsaye a gona ai ba gudu zai yi ba." Ya hau jakinsa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Don haka kada ka auna aikinka da girman gona, kada kuma ka auna shi da ƙarfin da kake ji a ƙirjinka da safe. Ka auna shi da tukunya, don ita ce mafi jinkiri a wurin. Kullum bayan la'asar ka zauna ka yanke tukunya nawa za a sauke gobe, a sare daidai wannan, a bar saura a tsaye Allah Ya ci gaba da yi maka ajiyarsa.

Sai maganar doki. Ba ka manta da Bidi ba, wanda kake hawa kana ƙarami. Shekarar da na saye shi na ɗauka shi ma ƙarfe ne. Daga fitowar rana har faɗuwarta yana zagaye, in ya rage tafiya kawunka Sani, mai kora shi, ya ɗaga bulala bisa umarnina. Kafin wata biyu ƙashin haƙarƙarinsa ya fito, ya koma tafiya ido a lumshe, kai a ƙasa. Innarka ce ta tare ni wata rana da ta kawo mana fura. Ta ce, "Malam, dubi dabbar nan da kyau. Kai ma haka kake shigowa gida, sai dai kai ba a sa maka linzami ba." Na ji haushi, na yi kwana biyu ina cin tuwonta ba na yabawa. Amma na fara kwance shi da azahar, a ba shi ruwa da harawa a inuwa, sai rana ta yi sanyi a mayar da shi.

Abin da na gani bayan haka ya ba ni mamaki. Dokin da ya huta ya fi matse rake a ɗan lokaci fiye da yadda yake yi a yini guda da gajiya. Har ya koyi aikin. In an cusa rake da yawa, nauyin sandar a ƙirjinsa yake gaya masa, sai ya sassauta da kansa. Kunnensa ɗaya kullum yana karkace wajen inji. Sani ya rataye bulala a reshe, har gara ta cinye ta. Akawal da za ka tafi da shi doki ne mai hankali. Ka kwance shi da azahar ko da mota goma ke jiranka, kai ma ka kwance kanka tare da shi.

Baba Bulus kuma, da ka taso kana gani a bakin murhunmu, sai da na kusa korarsa da halina. Daga kudancin Zariya ya zo cin rani, ya zauna. Ban taɓa ganin mai dafa ruwan rake irinsa ba, don shi da kunne yake dafawa. Yana iya ba tukunya baya yana gyara tuƙa a wuta, sai ka ji ya ce, "Maigida, ka ji ta? Ta daina fat-fat, ta koma buɗ-buɗ. A sauke." A sauke kuwa, a tarar daidai. Amma ni zuciyata ba ta yarda wani ya iya abin da ba na tsaye a kansa ba. In cusa rake biyu, in ruga in karɓe ludayi daga hannunsa, in ce a ƙara wuta, in koma inji. Ranar da na sa aka ƙona tukunya biyu a jere, Bulus ya ajiye ludayin a gabana a hankali. Ya ce, "Maigida, don Allah zaɓi ɗaya. Ko ka dafa in koma inji, ko in dafa ka koma inji. In dai mu biyu ne a kanta, to gara in koma garinmu in yi noman citta." Kunya ta kama ni, na koma inji.

In ka ba mutum aiki, ka ba shi duka. Ka nuna masa abin da kake so, ka juya baya, ka dawo ka duba in an sauke. Wanda ake leƙa wa kafaɗa kullum, ko ya iya sai hannunsa ya yi rawa.

Amma akwai abu ɗaya da na kasa haɗiyewa. Ni ba na kunna wuta ranar Juma'a, Bulus ba ya zuwa ranar Lahadi. Kwana biyu ke nan a mako inji yana tsaye, ni kuwa ji nake kamar sata ake yi mini. A nan ne zan gaya maka abin da na ɓoye maka tun kana ɗan shekara bakwai.

Ka taso ana ce maka doki ne ya firgita ya fizgi sanda, inji ya kama mini yatsu. Ni na ƙirƙiri wannan magana, kuma ƙarya ce.

Ranar Lahadi ce, saura mako guda a ɗauki azumi, lokacin da kowa ke neman mazarƙwailar kunu. Kai kana Makarfi wajen kakarka. Wani direba ya zo daga Kano da hantsi, ya ce in zan cika masa lodinsa kafin la'asar zai jira, in ba haka ba zai wuce Likoro. Bulus yana coci. Sani ya tafi suna. Innarka ta biyo ni har ƙofar gida ta ce, "Malam, ka bari sai gobe. Ba Bulus, ba Sani, kai kaɗai za ka yi aikin mutum uku?" Na yi dariya na ce, "Bidi ai da murya yake tafiya. Tsakanin inji da murhu kuwa taku biyar ne."

Tukunya biyu na sauke lafiya, har ina yi wa kaina kirari a zuci. A ta uku, ina tsugune ina cusa rake, bakina yana yi wa doki magana, kunnena yana wajen wuta, ga direba a tsaye a kaina yana tambayar buhu nawa suka rage. Sai tukunya ta taso. Direban ya ce, "Maigida, za ta zube!" Na juya kaina. Hannuna kuwa bai san na juya ba, ya ci gaba da turawa.

Ban ji zafi ba da fari. Ƙara na ji, irin ta rake in ya fashe, har na ce a raina wannan da tauri yake. Kafin in buɗe baki in yi ihu, Bidi ya tsaya cak. Ba wanda ya ce masa ya tsaya, ba kowa a bayansa. Ya ji a ƙirjinsa cewa abin da ke cikin ƙarfen nan ba rake ba ne. Sa'an nan ya ja da baya, taku ɗaya, taku biyu, ƙarafan suka juya suka sake ni. Direban ya yi ta salati yana cewa shekara nawa yana yawo bai taɓa ganin haka ba. Shi ya naɗe hannun da rawaninsa, ya kai ni asibiti a Zariya cikin motar da babu lodi. A can aka ce mini in da ƙarfen ya ƙara zagaye ɗaya, da har kafaɗa za a yanke.

Ka duba wannan al'amari, Mai-sunan Baba. Da a ce Bidin farko ne, mai tafiya ido a lumshe, da yau ba ni da hannun rubuta maka takarda. Hutun azahar da na ba shi ina ƙunƙuni, shi Allah Ya mayar mini. Ya karɓi ƙaramin yatsa da na kusa da shi, Ya bar mini babba da na tsakiya, Ya bar mini manuni da nake ɗagawa a tahiya. Ba sallar da zan yi in ɗaga yatsan nan ban tuna ba. Ni kuwa, don kada a ce Habu gaggawa ta cinye shi, sai na ɗora laifin a kan dabbar da ta cece ni. Innarka ta sani, Bulus ya sani, ba wanda ya taɓa tona ni. Har Bidi ya mutu yara suna ce masa mai firgita. Wannan abu yana ci mini rai fiye da yatsun.

Wata biyu na yi hannu a rataye a wuya. Na ɗauka sana'a ta mutu, don a ganina in ba ni ba aiki. Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin tsamiyar bakin fadama. Bulus ya koma kan wutarsa, Sani ya koma bayan doki, aka ɗauko magidanta biyu, ɗaya yana cusa rake, ɗaya yana zuba a kwano. Ranar na fara ganin sana'ata da idona, bayan shekaru ina cikinta ina gudu. Masu sara suna kawowa, doki yana zagaye, ruwa yana kwarara, tuƙar jiya tana dafa ruwan yau, ba abin da ake zubarwa, ba mai karo da wani. Na zauna baki buɗe, har hawaye suka zubo mini, don ban taɓa sanin abin yana da kyau haka ba.

Daga zaune kuma na ga abubuwan da gudu ya hana ni gani. Kwanoni sun yi nisa da murhu, mai zubawa yana ɓata tafiya. Ana shanya tuƙa a inda inuwa ke riskarta da wuri. Masu sara suna fara aiki a makare, inji yana jiransu. Da baki kawai na gyara su, ɗaya bayan ɗaya. Ranin nan, da Juma'arsa da Lahadinsa a kwance, bai gaza na baya ba ko kaɗan. Bulus ya tsokane ni ya ce, "Maigida, ashe idonka ya fi hannunka aiki. Da mun sani da tun tuni mun ɗaure ka a gindin tsamiya."

To, ga abin da nake so da kai. Zamaninku ba irin namu ba ne, na sani. Tun da aka ba mu mulkin kai motoci suka yawaita a hanyar Ikara, rediyo a kasuwa kullum cewa yake a tashi a yi aiki, kowa yana sauri kamar an ce gobe za a rufe duniya. Ni ma abin yana burge ni, ban zaci zan ga ranar da ɗan ƙasa zai zauna a ofis ɗin Bature ba. Amma an sake tuta ne, ba a sake tukunya ba. Yadda take jinkirin tafasa a da, haka take yau.

In ka huta, ka je ka sami dattawan nan uku ka gaishe su, ka gaya musu gaskiya: gona ɗaya bayan ɗaya, wadda ba ta samu shiga kafin azumi ba ta jira bayan salla. Wataƙila ɗaya zai yi fushi ya kai rakensa wani wuri. Bar shi ya kai, ku rabu da fara'a. Direban da zai ce maka yanzu ko ya wuce, ka ba shi ruwa ya sha, ka ce Allah Ya kiyaye hanya. Kada ka kunna wuta sai kowane wuri da mutuminsa: ɗaya a bayan doki, ɗaya a kan murhu, ɗaya a kan kwanoni, ɗaya a bakin inji. In ɗaya bai zo ba, ranar ta zama ta gyaran kaya. In kuwa kai ne a bakin inji, to ko da sunana aka kira ka, kada ka juya sai doki ya tsaya. Yohanna, babban ɗan Bulus, ya gaji kunnen ubansa, kuma ya ce in ka aiko zai zo da iyalinsa ya tsaya maka a wuta. Ban yanke maka ba, sana'arka ce. Amma in ka kira shi, ka bar masa ludayinsa, ka bar masa Lahadinsa.

Ba na roƙon ka dawo da buhunhuna ko da keke sabo. In Allah Ya ba ka, madalla. Juya takardar nan ka duba bayanta. Na ɗora hannuna na dama, innarka ta bi gefensa da alƙalami, tana yi tana share ido da bakin gyale. Ka shimfiɗa ta a ƙasa ka ɗora naka a kai. Za ka ga wuri biyu da naka ya wuce nawa, inda babu komai sai farar takarda. Su nake so ka kawo mini in ka zo gaisuwar salla. Ba zan iya ce maka komai ba ranar, ka san hali. Za ka miƙo hannu, ni kuwa zan ƙirga.

Innarka tana gaishe ka, da ƙannenka, da Baba Bulus. Allah Ya sa albarka a wutarka da dokinka, Ya haɗa ka da abokan aiki nagari, Ya ba ka haƙurin da ni sai da jini na same shi. Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya dawo mana da kai cikakke, amin.

Ni ne mahaifinka,
Habu mai mazarƙwaila, Kudan.